Ranar da kwamfutar shagona ta ƙi ganin kyamara

Ni dai sana'ata ɗaukar hoto ce, ɗan ƙaramin situdiyo gare ni da yara biyu da muke aiki tare, muna hoton fasfo, amma abin da ya fi riƙe shagon hoton kaya ne na masu saidawa a intanet, takalma ne, jakunkuna ne, agogo ne, duk abin da aka kawo. Irin wannan aikin dole kyamara ta zauna a jone da kwamfuta, dan mai kaya yana tsaye a kanka yana so ya ga hoton a babban allo nan take, ba wai ka ciro kati ka saka ka ciro ka mayar sau hamsin a yini ba har murfin katin ya fara lilo.

To da aka ce daga 14 ga Oktoba 2025 za a daina sabunta Windows 10, ga kwamfutar tawa ta tsufa ba ta kai ta ɗauki 11 ba, sai babban yaron ya ce oga mu gwada Ubuntu mana, wani nau'in Linux ne da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, ai kyauta ce. Na ce to. Muka ɗora da daddare, firinta ta kama da kanta ko direba ba mu nema ba, na kwanta ina murna. Da safe na jona kyamara, shiru. Ko motsi babu.

Abu na farko da na koya ranar shi ne ka daina tambayar allo, ka tambayi na'urar kai tsaye. Ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta lsusb, zai jero maka duk abin da ke jone ta USB, kowanne da lambar kamfaninsa, Canon 04a9, Nikon 04b0, Sony 054c. In kyamararka ba ta fito a nan ba kar ka wahalar da kanka da wata manhaja, maganar ba ta ma iso wajen ba. Tamu ba ta fito ba. Ashe wayar da na jawo daga durowa ta caji ce kawai, wuta take kaiwa ba ta ɗaukar bayani, a ido kuwa ba ka banbance su wallahi. Muka canza waya, har yanzu shiru, sai yaron ya tuna jiya ya kunna Wi-Fi ɗin kyamarar ya tura hoto a wayarsa, kuma akwai kyamarorin da in Wi-Fi na kunne ƙofar USB ɗinsu a rufe take. Ya kashe, sai ga ta a layi na uku.

Na ce shikenan an gama. Ina! Hoton 'yar kyamara ya bayyana a gefen wajen fayiloli, ina iya shiga in ga hotunan da ke kan kati, amma darktable, manhajar hoton da nake so in riƙa ɗauka daga cikinta, ta ce ba ta ga komai ba. Nan ne kaina ya ɗau zafi, kwamfuta ɗaya, wani ɓangare na gani wani na cewa babu.

Abin da ban sani ba a lokacin, yawancin manyan kyamarori ba sa zuwa wa kwamfuta kamar filash. Filash ajiya ce, kowa ya shiga ya ɗiba. Ita kyamara da wani yare take magana da ake kira PTP, kwamfuta ta roƙa ita ta miƙo, kuma da mutum ɗaya take hira a lokaci guda. A Linux mai yi mata tafinta shi ne libgphoto2, manhajojin hoto irin su darktable da digiKam da Shotwell da Entangle duk ta hannunsa suke bi. Muka saka gphoto2, manhajarsa ta taminal, muka rubuta gphoto2 --auto-detect, ya kawo sunan kyamarar daidai, da muka ce ya ɗauki hoto sai ya ce "Could not claim the USB device", wato wani ya riga shi riƙe ta. Wanda ya riƙe ɗin gvfs ne, wannan ɗin da ya yi min karamcin nuna ta a wajen fayiloli da na jona, shi ne ya kama hannunta ya ƙi saki. Magani bai taka kara ya karya ba, ka danna alamar cirewa a gefen sunanta amma ka bar wayar a jone, in ya ƙi ka rubuta pkill -f gphoto2. Awa uku muka ɓata kan danna abu ɗaya.

Masu Sony su duba menu, wajen USB Connection, sai an sa PC Remote kafin ɗauka daga kwamfuta ya yiwu. Sannan in hotunanka RAW ne, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, na CR3 irin na Canon, ka tabbata darktable ɗinka ta kai 3.8, tsofaffin ba sa buɗe shi. Matsalar karanta babban kati mai tsarin ajiya na exFAT a Linux kam ta wuce, tun kanel 5.4 na 2019, wato zuciyar Linux ɗin, yake ciki.

Wajen la'asar wata hajiya ta kawo kwalaben turare goma sha biyu. Na danna na farko, cikin daƙiƙa kaɗan ya faɗo kan allo, ta matso ta ce malam wannan mene ne a wuyan kwalbar? Shatin yatsana ne, a ƙaramin allon kyamara ba za ka taɓa ganinsa ba, da sai na gama duka goma sha biyun in zo ina gogewa ɗaya-ɗaya da dare. Na sa ƙyalle na share kwalbar muka sake.

Wani abu dai har yau ban samu yanda nake so ba, manhajar kamfanin kyamarar ba ta da ta Linux, ranar da zan sabunta fimwaya, wato manhajar da ke cikin kyamarar kanta, sai dai na ɗora fayil ɗin a kati na yi daga cikin kyamarar. Wayar kirkin kuma na naɗa mata jan salatif, ta cajin na ba ƙaramin yaron ya tafi da ita gida, jiya na sake ganinta a durowa.