Man da ke ɓacewa a tsohuwar Marsandi

Ina shekara ta uku da fara koyon aiki a garejinmu, wajen Ƙofar Ƙwaya a Katsina, wani dattijo daga Daura ya kawo mana Marsandi wagon 300TD, irin W123 ɗin nan da aka fara fitar da wagon ɗinsa a 1978. Motar ta girme ni nesa ba kusa ba. Kukansa shi ne bayanta yana zaunawa idan ya ɗora kaya, kuma kusan duk mako sai ya ƙara mai a ɗan tulun da ke cikin bonet.

Wanda bai saba da waɗannan wagon ba zai ɗauka shokozoba ne kamar na kowa, alhali mai ne ke ɗaga bayansu. Akwai famfo a gaban kan inji, kamshaf, wani sandan ƙarfe da ke juyawa a cikin inji, ke juya shi, yana tura mai ta siririn bututun ƙarfe har baya. A can akwai bawul da aka ɗaure hannunsa da sandar da ke hana mota tangaɗi. Kaya na dannewa, hannun ya motsa, mai ya shiga shokozoba biyu na baya, waɗanda muke kira ƙafafu, baya ya ɗago. Sai kuma wasu ƙwallayen ƙarfe guda biyu masu iskar naitirojin a bayan fatar roba, su ne ke shanye gargada.

Ranar Oga ya tafi Kano, Ƙofar Ruwa, sayen kaya. Na shiga rami na ga ƙafar hagu jage-jage da mai, ƙurar hunturu ta manne mata kamar laka. Ban ƙara duba ko'ina ba. Na ce, "Baba, ƙafar hagu ce ta mutu." Ya biya, aka kawo ta Baljiyam, na ɗaura. Kwana tara ya dawo. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, har yanzu tana shan man nan." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, domin na san kuɗin nan ba a kwance yake da su ba.

Tambaya ɗaya Oga ya yi mini: "Ka wanke ta kafin ka duba?" Na yi shiru.

Ya sa na wanke ƙasan motar da kananzir, sannan da ruwa da sabulu, muka bar ta a rana ta bushe ƙayau. Ya aike ni wajen mai shayi na ɗebo toka, muka barbaɗa a kan bututai da kowane noti, muka shimfiɗa kwali a ƙasa. Sai ya sa aka loda buhun siminti huɗu a baya, aka ta da inji. Dalilinsa shi ne ƙaramin tsagu ba ya nuna kansa sai mai ya matsu, kuma mai ba ya matsuwa sosai sai motar na ƙoƙarin ɗaga nauyi. Ba a jima ba tokar ta yi duhu a wuri ɗaya, can sama da ƙafar da na canza, inda bututu ya daɗe yana gogar maƙalinsa har ya sirance. Daga nan man ke gangarowa, iskar hanya ta watsa shi baya, ƙafar ta tare shi. Tun ranar, idan na ga danshi, wurin da ya fi sama kuma ya fi gaba nake nema.

Na ɗauka an gama. Oga ya ce yoyon da muka gani bai kai yawan man da Baba ke zubawa ba. Ya zaro ma'aunin baƙin mai na inji, sai ga shi ya wuce alama, ya kuma tsinke a yatsa. Baba ya ce ai shi murna yake yi motar ba ta shan baƙin mai. Ashe sil ɗin famfon, robar da ke hana mai zurarewa, shi ne ya gaji, man ɗaga baya yana zurarewa cikin inji ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa ba. Wannan ya fi na farko haɗari, domin baƙin mai da ya tsinke ba ya kare inji.

Ƙwallayen ma sukan ɓoye mai haka. In fatar ciki ta fashe, mai ya cika gurbin iska, tulu ya ragu, bayan mota ya sandare yana tsalle kamar amalanke. Na motar Baba dai muka danna baya muka ji da sauran laushi.

Abin da ke ba ni takaici har yau shi ne masu zuba man birki a tulun nan don shi ne a kusa. Tsarin na son mansa na musamman, ZH-M, kuma man birki lalata robobinsa yake yi. Wasu kuma da sun gaji sai su cire komai su sa sifirin zalla. Na fahimci matsin aljihu, amma motar da aka ƙera don ɗaukar kaya ba ta sake zama daidai bayan haka.

Muka canza bututu da sil, muka juye baƙin mai, muka zuba sabo. Kafin in taɓa noti Oga ya sa na kashe inji, na saki matsin a hankali, na kuma tokare motar da kyau, domin baya kan iya sauka a kan mutum. Kuɗin aikin ranar bai karɓa ba. Ya ba Baba kwali ya ce ya riƙa shimfiɗawa da dare. Bayan mako biyu Baba ya biyo ta garejin, ya buɗe but ya miƙo mini kwalin, babu ɗigo ko ɗaya a jikinsa.