Godiya bayan aikin ƙafar ɗiyata

Assalamu alaikum ƴan uwa. Alhamdu lillahi, jiya da la'asar ɗiyata ta aje sanduna, ta taka daga ƙofar gidanmu a unguwar Bagalam ta nan Maradi har bakin masallaci ta dawo. Uwarta na tsaye a zaure tana share hawaye da bakin gyale.

Maƙwabta sun san yadda ƙafarta ta hagu ta lanƙwashe kamar baka. Tana ƙarama aka ce mu ƙyale ta, za ta miƙe, kuma haka ne, yawancin yara kan miƙe wajen shekara 2 zuwa 3. Tata kuwa sai gaba take yi. Da ta aza ƙafa sai ka ga gwiwar ta zille waje, takalminta gefe guda yake cinyewa. Na sha yi mata faɗa in ce ta taka da kyau. Wannan faɗan har yau yana ci mini rai.

Dattijon nan mai ɗori na unguwarmu shi ya fara faɗa mini gaskiya. Ya shafa ƙafar ya ce, "Ɗana, wannan ba karaya ba ce, ku tafi asibiti." Ko dala bai karɓa ba. Allah ya saka maka, Baba.

A Yamai likita ya ɗaga hoton ƙashin, sannan ya dunƙule hannu ya ɗora bisa tafin ɗayan. Ya ce ƙarshen ƙashin cinya dunƙule biyu ne masu santsi, kan ƙashin ƙwauri kuma shimfiɗe yake, a bisansa suke mirginawa suna zamewa. Duk taku guda gwiwa kan lanƙwasa kusan digiri 60 lokacin da ƙafa ke sama, in ta sauka kuma ta ɗauki nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, ɓangaren ciki ya fi shan dakon. To ita, wurin tsiron ƙashin ƙwaurin ta ciki ne ya yi nawa, na waje ya ci gaba da girma, sai shimfiɗar ta karkace. Ya karkata tafin nasa, dunƙulen ya sulale gefe. Wallahi tafiyar ɗiyata na gani a hannunsa. Cutar Blount ya kira ta. Yarinya ba ta da laifin komai, ƙirar ƙashi ce ke jan gwiwar.

An yanka ƙashin ƙasa da gwiwa, aka daidaita shi, aka riƙe da ƙarfe. Likita, da ma'aikatan da suka kwana kanta, Allah ya albarkaci hannuwanku. Masu gashin ƙashi na nan Maradi da suka jure kukanta har gwiwar ta saki, na gode.

Abokan sana'a na babbar kasuwa, kun haɗa kuɗin mota tun ban buɗe baki ba. Yaya, kin sauke mu a gidanki sama da wata, kullum da kwanon tuwo zuwa asibiti. Malaminta kuma ya riƙa aiko mata da darasi don kar aji ya wuce ta. Ba ni da abin biyanku, sai Allah.

Bayan wata uku za mu koma a sake hoto, don likita ya ce muddin tana girma sai an riƙa dubawa. Ku sa mu a addu'a. Ran Litinin, in Allah ya yarda, ni zan raka ta makaranta a ƙasa.