Zama da bugun zuciya marar tsari a Legas

Sana'ata kayan gwari ce a kasuwar Mile 12, kuma tun asuba muke tsaye ana sauke kaya daga motocin Arewa. A irin wannan lokaci na fara jin zuciyata tana yi mini wani abu: ta yi gudu, ta ɗan tsaya, ta sake ɗauka, kamar ɗan koyon kalangu. Kwando ɗaya zan taya yaro ɗagawa sai haki. Abokan sana'a kowa da fassararsa. Wani ya ce faɗuwar gaba ce, wani ya ce goro ya yi mini yawa, wani ya ce a nemo rubutu.

A asibiti likita ya riƙe wuyan hannuna jim kaɗan, ya tura ni gwajin ECG, wanda ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji takarda ta fito. Da ya duba sai ya ce, "Alhaji, sunan ciwon atrial fibrillation." Ya zana mini zuciya da ɗakunanta 4, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na saman nawa sun daina matsewa yadda ya kamata, makyarkyata kawai suke yi, don haka jini kan kwanta a ciki ya daskare. Idan gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki, kuma mai wannan ciwo haɗarinsa ya kai kusan ninki 5 na sauran mutane. Shekaruna, da hawan jini da ciwon suga da nake da su, sun ƙara nauyin abin.

Magani iri biyu aka ba ni. Na farko bisoprolol, mai rage gudun zuciya. Shi ba ya buƙatar talla, cikin 'yan kwanaki haki ya ragu, barci ya dawo. Na biyu maganin tsinka jini, kuma a nan gizo ke saƙa, domin ba ka jin komai idan ka sha, ba ka jin komai idan ka bari. Ga shi kuwa shi ne yake tsare ka daga kwanciya. Na san wani dattijo a unguwarmu da ya ga ƙirjinsa ya lafa, ya ce kuɗin banza ne, ya ci gaba da shan na farko kawai. Yanzu sai an ɗaga shi an kwantar.

Da warfarin na fara, don shi ne mai araha. Wahalarsa gwajin jinin da ake kira INR, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ya yi ƙasa, jini na iya daskarewa. Ya yi sama, dasashi ya fara jini wajen asuwaki. Kowane gwaji kuma sai ka ba goslo na titin Ikorodu haƙƙinsa. Sannan ga batun ganye. Alayyafo, zogale da ugun maƙwabtanmu duk suna ɗauke da bitamin K, mai rage ƙarfin warfarin. Hajiya ta so ta soke miyar ganye a gidan gaba ɗaya, likita ya ce mata a'a, a dai ci daidai gwargwado kullum, kada a yi kwaɗon zogale mako guda sannan a yi wata ba a gan shi ba.

Da hoton zuciya ya nuna ƙofofinta lafiya lau, sai aka mayar da ni apixaban, safe da dare, ba gwajin INR. Ya fi sauƙi, amma aljihu yana ji a jika. Ba kowa ake yi wa wannan canji ba: wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe, ko wanda ƙofar zuciyarsa ta tsuke sosai saboda ciwon da ke farawa da ciwon maƙogwaro tun yarinta, warfarin ne nasa.

An kuma gwada daidaita bugun da lantarki. Sai da na yi fiye da mako 3 kan maganin tsinka jini ba fashi kafin su yarda, suka sa ni barci, na farka da bugu daidai. Bayan wasu watanni ya koma gidan jiya. Akwai wani aikin da ake zura siririyar waya ta jijiyar cinya a ƙona inda rikicin yake tasowa, amma da muka auna kuɗinsa da yadda nake jin daɗin jikina, muka tsaya kan ƙwayoyi.

Abubuwan da suka fita daga rayuwata ƙanana ne, sai dai na saba da su. Na daina ƙaho. Wanzamina ya ce, "Haba Alhaji, mataccen jini ne fa zan cire," na ce masa nawa idan ya fara zuba ba ya jin tsaya. Idan baya ya riƙe, farasitamol nake sha, ba diclofenac ko ibuprofen da yaran kemis ke miƙo wa kowa ba, don suna jawo zubar jini a ciki. Asfirin ma ba ya maye gurbin maganin, duk da masu cewa ai duk ɗaya ne. Jiƙe-jiƙen masu talla kuwa, tunda ban san abin da ke ciki ba, na bar musu kayansu.

Azumi ne na fi jin tsoro. Likita ya ce tunda azumin Legas bai wuce wajen awa 13 ba, in sha ɗaya da sahur, ɗaya da buɗa baki, in kuma sha ruwa sosai da dare. Na rubuta sunan maganin a 'yar takarda tana aljihuna kullum saboda hatsarin hanya, na kuma gaya wa yaran shago cewa duk ranar da suka ga bakina ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, kada su tsaya fifita da tofi, su tari mota sai asibiti.