Hucin regileta

Asabar, da dare.

Nutso biyu muka shirya yau, ɗaya kawai na samu na yi. Regiletata, wato na'urar da nake shaƙar iskar silinda da ita a ƙarƙashin ruwa, ce ta hana ni na biyun.

Da safe komai lafiya lau. Na ɗaura ta a kan silinda, na buɗe bawul a hankali, allurar geji ta hau ta tsaya a kan bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne). Na ja numfashi uku ina kallon allurar, ko motsi ba ta yi ba. Muka sauka har mita 24, iska na zuwa mini salin alin. Da muka fito hutu na canza silinda, na buɗe, na jingine kayan a gefen jirgi. Ba a yi minti biyar ba abokin nutsona ya ce, "Malam, ba kayanka ba ne ke huci?" Na kara kunne. Bakin da nake shaƙa da shi ne ke fitar da iska siririya. Na danna maɓallin gabansa, ya yi shiru. Jim kaɗan hucin ya dawo.

Nan gabana ya faɗi, don na san ma'anar hucin da ke tafiya ya dawo. Laifin ba na bakin ba ne. Regileta mataki biyu gare ta. Na farko, wanda ke kan silinda, shi ke karya ƙarfin iskar daga bar 200 ya mayar da ita wajen bar 9 zuwa 10 sama da matsin ruwan da ke kewaye da kai. Na biyu, wanda ke bakinka, ya sake rage ta daidai da zurfin da kake, kuma sai ka ja yake ba ka. Idan mazaunin bawul na matakin farko, wato ɗan abin da bawul ke dannewa ya tsayar da iska, ya daina rufewa ruf, iska sai ta riƙa silalowa cikin tiyo, matsin na hawa kaɗan-kaɗan, har ya fi ƙarfin bakin ya ture shi ya buɗe. Da gangan aka ƙera shi haka, in ya lalace ya lalace a buɗe, kada ya toshe maka numfashi. To amma abin da ya fara da huci a sama yana iya zama ambaliyar iska a ƙasa, silinda ta ƙare cikin 'yan mintuna kana mita 24.

Babu regiletar aro a jirgin. Na zauna ina kallon kumfar sauran tana tasowa. Raina bai so ba, amma ban yi shakkar zaman ba.

Da la'asar na kai ta wurin mai gyara. Dattijo ne marar yawan magana. Ya jona ƙaramin geji a tiyon rigar iska, wadda mai nutso ke hura wa iska don ta ɗago shi a ruwa, ya buɗe silinda. Allura ta tsaya a 9 da rabi, sannan ta fara rarrafe, 10, 11, tana neman 12. Ya rufe. Ya kwance matakin farko ya juya mashigar iskar wajen haske ya ce in duba. 'Yar matatar ƙarfen da ke ciki, wadda ya kamata ta kasance fes, ta yi kore.

"Ruwan gishiri ya shiga," in ji shi. "Yaya kake busar da murfin mashigar nan kafin ka mayar?"

Na ce da iskar silinda nake hure shi, kamar yadda na ga mutane da dama na yi. Ya girgiza kai. Ya ce yayin da nake hure murfin, matakin farko na rataye a hannuna baki buɗe, feshin da ke tashi daga murfin ciki yake faɗawa. Ɗigo ɗaya yau, ɗaya gobe, gishiri ya bushe a ciki ya fara cin ƙarfe da roba. "Tawul ya ishe ka, ɗana." Jikina ya yi sanyi, don shekara biyu ina yin haka ina ganin kulawa nake yi.

Ya tambayi rabona da sabis. Na buɗe littafin nutsona muka ƙirga tare: wata 26, nutso 131. Kamfanoni da yawa shekara ɗaya suke cewa ko nutso 100, duk wanda ya riga zuwa, wasu kuma shekara biyu. Ko ta wane lissafi na wuce. Abin da ya ruɗe ni shi ne tana numfashi da kyau, na manta cewa zoben roba da mazaunin bawul suna tsufa ko da kayan na ajiye a jaka.

A bangonsa akwai wata sabuwa da raina ya biya. Irin ta DIN ce, wadda ake murɗawa cikin bawul, zoben robarta na ɓoye a ciki, tana ɗaukar har bar 300. Tawa mai maƙalewa ce ta waje, iyakarta bar 232. Sabuwar kuma matakinta na farko a rufe yake, ruwa ba ya taɓa cikinsa, don haka ta dace da ruwan da sanyinsa ya gaza digiri 10, inda iskar da ke faɗaɗa take sanyaya ƙarfe har ƙanƙara ta riƙe bawul a buɗe. Na daɗe ina juya ta a hannu. Sai na tambayi kaina yaushe rabon da in shiga ruwa mai irin wannan sanyi. Ban taɓa ba. Silindar bar 300 ma ban taɓa goyawa ba. Dattijon bai matsa mini ba. Abin da ya ce kawai shi ne, kafin mutum ya sayi regileta ya fara tambaya ko akwai mai yi mata sabis kusa da shi, kuma ko ana samun kayan gyaranta. Tawa tana da duka biyun. Na mayar da sabuwar kan ƙusarta.

Ina tsaye yana warware tawa sai na yi mamakin ƙanƙantar abubuwan da ke ciki. Tun 1943 da shahararren mai nutso Cousteau da injiniya Gagnan suka haɗa tasu a Faransa, daga wata regileta da aka yi wa motoci masu amfani da gas, dabarar ba ta sauya sosai ba: sifirin, bawul, da fatar roba mai jin jan numfashi. Mazaunin da ya hana ni nutso yau bai kai farcen ƙaramin yatsana ba.

Kafin in tafi ya maimaita mini wanki. A mayar da murfi a bushe, a ɗaure. A jiƙa a ruwan daɗi mai ɗumi-ɗumi, kada a danna maɓallin baki in ba a kan silinda take a buɗe ba, don ruwa zai bi tiyo ya koma ciki. A zame robar da ke rufe gindin tiyo a duba tsatsa ko tsagewa. A shanya a inuwa, a naɗe tiyo ba tare da lanƙwasa shi da ƙarfi ba.

Ran Alhamis zan karɓo ta. Ya ce in fara gwada ta a ruwa marar zurfi, don sabon mazauni yakan ɗan zauna bayan nutson farko, wani lokaci sai an sake saita shi. Na rubuta ranar sabis a shafin farko na littafina, na kuma yanko ɗan tawul na sa a aljihun jakar regileta.