Godiya ga jama'ar Maiwurno bayan makon itatuwa na 'yan firamare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nufe mu da kammala makon da muka ware domin koya wa 'yan aji huɗu da na biyar itatuwa da tsuntsayen ƙasarsu, ina miƙa godiya a madadin malaman makarantarmu ga duk wanda ya sa hannu a wannan aiki.

Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a watan Afrilun 2023 iskar gas ta yi wuya, girki ya koma kan itace da gawayi, kuma kowa ya ga yadda bagaruwar bakin kogin Bahar Azrak, wato reshen Nilu da ya ratsa ta garinmu, take raguwa. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da na kai ganyen aduwa da na magarya cikin aji, yara ƙalilan ne suka iya bambanta su, alhali kullum suna tsotsar 'ya'yansu, wato lalob da nabag, a hanyar makaranta.

Godiyata ta farko ga kakanninmu ce, maza da mata, waɗanda suka taka da ƙafarsu har bakin kogi duk da nauyin shekaru, suka tsaya a gindin kowace itaciya suna faɗin sunanta da Hausa da Larabci, da amfaninta a jima da magani da miya. Baba, kai da ka shafe rayuwarka kana tatsar ƙaro, Allah Ya ƙara maka lafiya. Ka nuna wa yara yadda ake ɓare bawon ɗakwara, wato hashab, bayan ɗaukewar ruwa ba tare da an kashe ta ba, ka kuma bayyana musu cewa gonar da ta huta a ƙarƙashinta takan dawo da ƙarfinta ta ba da gero mai kyau. A bakinka da yawansu suka fara jin cewa Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro.

Muna godiya ga kawunmu, tsohon ma'aikacin gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935 kusa da iyakar Habasha. Ya yi wa yara bayanin fadamun da ake kira maya, inda namun daji da tsuntsaye suke samun ruwa da ciyawa da rani, da halin da suke shiga idan laka ta cike su. Haka kuma Inna, wadda wata yarinya ta tambaye ta dalilin da ya sa ake hana jifan shamuwa, ta amsa mata cewa baƙuwar damina ce mai cinye farar da take ɓarna a gona. Ni kaina ban taɓa koyar da darasin da ya zauna a zuciyar yara kamar wannan amsa ba.

Iyayenmu mata, kun ba mu gwangwanaye da tsofaffin jarkoki na renon iri, kun kuma raba ruwan gidajenku da mu. Shugaban makaranta da Malam Liman, wanda ya yi sanarwa a masallaci, Allah Ya saka muku da alheri.

Yanzu kowane yaro yana da kuka ko aduwa guda da ya shuka a bayan azuzuwa. Muna roƙon masu awaki su taimaka mana da ɗaure su har mu gama shinge, kuma duk mai ƙaya ko tsohuwar wayar shinge ya kawo makaranta ranar Asabar da hantsi.