Tambayoyin da sababbin shiga ke yi mini a kan Haiku

Duk wanda ya leƙa allon tsohuwar kwamfutata ya ga tagogi masu ɗan guntun kai rawaya, tambayarsa ta farko ita ce: "Wannan wane irin Linux ne?" Ba Linux ba ne, wato sananniyar babbar manhajar nan ta kyauta. Sunanta Haiku, babbar manhaja ce mai cin gashin kanta, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya kamar yadda Windows ko macOS ke yi. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, akasarinsa a ƙarƙashin lasisin MIT, kowa na iya karantawa ya gyara. Zuciyarta ma, wato sashen da ke sarrafa na'urar kai tsaye, ba daga Linux aka ɗauko ba. Ta samo asali ne daga NewOS, wadda Travis Geiselbrecht, tsohon injiniyan kamfanin Be, ya rubuta.

Ba na gajiya da wannan tambayar, domin sai an amsa ta ake gane sauran. A 1990 Jean-Louis Gassée ya bar Apple ya kafa kamfanin Be, suka ƙera BeOS don aikin sauti da bidiyo a lokacin da kwamfutoci ke nishi da irin wannan aiki. A 1996 Apple ta yi zawarcin kamfanin, ciniki bai faɗa ba, ta sayi NeXT, abin da ya dawo da Steve Jobs gida. Be ta yi ta fama har 2001, lokacin da Palm ta saye kadarorinta a kan dala miliyan 11. A shekarar nan ce Michael Phipps da wasu masoya BeOS suka ce ba za su bari ta bi ruwa ba, suka fara sake rubuta ta daga tushe da sunan OpenBeOS. A 2004 aka sauya sunan zuwa Haiku.

Daga nan sai tambaya ta biyu, wadda ake yi da ɗan ɗaga gira: aikin da aka fara tun 2001, me ya sa har yanzu yake matakin gwaji? Gaskiya ne. Fitowar farko ta gwaji sai a 2009 ta zo, Beta 1 a 2018, Beta 5 kuma a watan Satumba na 2024. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutane ƙalilan ne ke aikin, yawancinsu 'yan sa kai ne da ke yi bayan sun tashi daga nasu aikin, kuma da gudummawar jama'a ƙungiyar Haiku, Inc. ke biyan ɗawainiya. Ni dai na fi ganin mutuncin wanda ya ce kayansa ba su gama nuna ba, a kan wanda ya miƙo maka ɗanye ya ce dafaffe ne.

Tambayar da na fi so ita ce wadda ba kasafai ake yi ba: me take da shi wanda sauran ba su da shi? Nan bakina ke buɗewa.

A Haiku kowane fayil yana iya ɗaukar ƙarin bayanai a jikinsa, kuma tsarin ajiyarta, BFS, yana jera waɗannan bayanan ta yadda nema ba ya ɗaukar lokaci. Ɗauki saƙon imel. Kowane saƙo fayil ne guda a cikin folda, kamar kowane fayil, amma a jikinsa akwai sunan wanda ya aiko, da kan maganar, da ranar, da ko an karanta ko ba a karanta ba. In na buɗe foldar a Tracker, wato manhajar duba fayiloli, sai in ga waɗannan a jere layi-layi. Na danna Alt da F, na ce a nuna mini duk saƙon da ban karanta ba. Taga ta buɗe da su. Na bar ta a gefe na ci gaba da rubutu. Sabon saƙo na shigowa sai ga shi ya bayyana a cikinta da kansa, ina karanta shi kuma ya fice daga jerin, ban taɓa komai ba. Haka adireshin mutane yake: kowane mutum fayil ne wanda cikinsa babu komai, suna da lambar waya duk a jikinsa suke. Waƙoƙi ma haka, da sunan mawaƙi da na faifai. Dabara guda ce ke aiki a ko'ina, in ka koye ta a wuri ɗaya ka iya ta a sauran. Wannan ne abin da ya riƙe ni. Tawaga ɗaya ce ke gina zuciyar da tagogin da manhajojin yau da kullum, shi ya sa komai ke tafiya da murya ɗaya.

Guntun kan nan rawaya ma ba ado ba ne kawai. Ana iya jan taga a ɗora ta kan wata, kawunansu su jeru gefe da gefe kamar shafukan burauza, ko a manna biyu su riƙa tafiya tare.

Sai tambaya mai nauyi: zan iya goge Windows in koma kanta? Ga yawancin mutane amsata a'a ce, kuma ba na sassauta ta. Haiku ta mutum ɗaya ce. Ba ta tambayar kalmar sirri in an kunna, wanda duk ya zauna gaban na'urar yana da iko da komai. Don haka ba na ajiye takardun sirri a kanta, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Burauzarta, WebPositive, tana buɗe shafuka masu sauƙi lafiya lau, amma manyan shafuka masu nauyi sukan ba ta wahala, sai an nemi wata kamar Falkon a HaikuDepot, inda ake sauke manhajoji. LibreOffice na nan, ana rubutu da lissafi da ita. Wasannin zamani masu buƙatar ƙarfin katin hoto kuwa, a cire rai tukuna. Wanda kuma burinsa manhajojin Windows su yi aiki kai tsaye, wata babbar manhajar mai suna ReactOS ce ta sa wannan a gaba, Haiku ba hanyarta ba ke nan.

Ina jin zafi in na ga tsofaffin hannu suna yi wa mai irin wannan tambayar gatse, ko su ce ya je ya yi karatu. Mutumin da ke tambaya ko firintarsa za ta yi aiki ba raina aikin kowa yake yi ba, yana da takardar da zai buga gobe ne. Haka kuma ba na son masu zuzutawa har su ɓoye giɓin da ke akwai. Wanda aka gaya wa gaskiya tun farko, in ya ci karo da matsala ba ya jin an yaudare shi, sau da yawa ma shi ke zama ya taimaka.

To za ta yi aiki a kwamfutata? Ba wanda zai amsa maka wannan daga nesa, amma gwadawa ba ta da haɗari. Ka sauke fayil ɗin da ke ɗauke da manhajar gaba ɗaya, ka rubuta shi a filash, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Za ta tashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin na'urarka ba. Ba ta da ci, tsofaffin kwamfutocin da aka jingine ma tana tashi a kansu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Abu uku za ka duba: sauti, girman rubutu da hoto a allo, da waya-fai. Direbobin intanet da yawa, wato ƙananan manhajojin da ke sa katin intanet na kwamfuta aiki, daga wasu manyan manhajoji biyu, FreeBSD da OpenBSD, aka aro su, saboda haka katin da ke aiki a can yana da kyakkyawan zato a nan. Kar ka firgita in Ctrl da C suka ƙi kwafa, a Haiku Alt ke wannan aikin, kuma ana iya sauyawa.

In ta tsaya a tsakiyar tashi, sake kunnawa ka riƙe Shift (a sababbin kwamfutoci masu tsarin tashi na UEFI, Space ake dannawa). Jerin zaɓi zai fito, ka zaɓi yanayin hoto na kariya, sau da yawa wannan kaɗai ke warware matsalar. A wannan jerin ne kuma ake komawa yadda manhajar take kafin sabuntawar ƙarshe, domin Haiku ba ta watsa fayilolin manhaja ko'ina, kowace a ƙunshinta take zaune, kuma ana ajiye tsohon ƙunshin. In kuma wani sashe ya ƙi aiki sam, buɗe Terminal, tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta listdev, ka kwafe abin da ya fito, ka haɗa da fayil ɗin syslog, inda manhajar ke rubuta abin da ke faruwa a cikinta, ka aika wa masu aikin a wurin da suke karɓar rahoton matsaloli. Ba su da irin na'urarka a gabansu, da wannan bayanin ne suke gane wane direba ya rage a rubuta.