Takwas ɗin da na zubar

Har yau idan na tuna warin kafasitan nan (ma'ajin cajin lantarki) da ya kumbura sai raina ya ɓaci, domin da hannuna na jawo abin.

Inbata ce, wato na'urar juya wutar DC zuwa AC, mai matakai uku, irin NPC mai kafasitoci biyu, na sama da na ƙasa, da mahaɗa a tsakiyarsu, wadda masu bincike Nabae da Takahashi da Akagi suka fito da ita a 1981. Ƙafa uku gare ta, ɗaya ga kowane layin wutar fita, kuma kowace tana iya zama a sama, a tsakiya ko a ƙasa, haɗin makunnai 27 ke nan. Sarrafawa ta hasashe tana so a gwada kowanne, a ƙiyasta wutar da zai bayar, a ɗauki mai ƙarancin kuskure, duk cikin taki ɗaya, wato makirosakan 50. Guntun sarrafawa TMS320F28335 ɗina mai megahaz 150 da ƙyar yake kammalawa. Hangen taki biyu gaba kuwa haɗi 729 ne, ba a ma maganarsa.

Sai na lura haɗi 27 ɗin nan bekta 19 kacal suke bayarwa, wato boltejin fita iri 19. Sifili yana da haɗi uku, ƙananan bektoci shida kuma kowanne tagwaye ne. Na ce ai maimaici ne, na zubar da takwas. A manhajar kwaikwayo ta Simulink komai ya fito tsaf, har na kira abokin aikina ya zo ya gani.

Ashe tagwayen nan a waje kawai suke kama. A ciki, ɗaya yana cika kafasitan sama, ɗan'uwansa yana sauke shi. Da su ake riƙe tsakiya, wato daidaita boltejin kafasitocin biyu. Ni kuwa na bar rabi na yar da rabi, don haka da muka kunna na'urar ta gaske sai wuta ta yi ta taruwa a gefe guda har kafasitan ya kumbura, makunnan IGBT biyu suka bi shi. Mako biyar muna jiran kayan canji.

Abin da ya fi ci min rai, a Simulink batura biyu marasa aibi na sa a gurbin kafasitocin. Ta yaya tsakiya za ta karkace a can? Wallahi da na sa kafasita tun farko, da a allo zan ga matsalar, ba a kan benci ba.

Gyaran da ya yi aiki daban ne. Maimakon hasashe sau 27, sai na juya lissafin, na fitar da boltejin da ake bukata sau ɗaya, na gano kusurwa-ukun da ya faɗa ciki a taswirar bektocin, na gwada bektoci uku na gefensa kaɗai. Idan ƙarami ne ya ci, bambancin kafasitocin biyu da alkiblar wutar tsakiya su ke zaɓar ɗaya cikin tagwayen. Rarar lokacin da na samu ta ishe ni rama jinkirin taki ɗaya da lissafin kansa ke jawowa.

Mai shirin yin haka a matakai biyar, inda haɗi 125 ke ba da bekta 61, don Allah kafin ka goge ko ɗaya, ka rubuta abin da yake yi wa kowane kafasita.